Jegon Indo a Dogo-Dogo

Ke dai bari, ai labarin bai tsaya kan haihuwa ba. Kin ji Indo ta sauka lafiya, kin ji namiji ne, kin ji an sa masa Barau. To matso kusa ki ji sauran, don tun jiya abin yake cin bakina.

Indo nake nufi, matar Wada mai lodin gyaɗa a Magariya, 'yar siririyar nan da ta taɓa zama lakwal, makarantar boko, kafin a cire ta. Yarinya ce ɗanya shar, ko ashirin da biyar ba ta kai ba. Haihuwa biyu ta yi a Magariya, duka biyun suka koma tun ba su tsiro haƙori ba. Gwaggo Daso, ƙanwar ubanta da ta rene ta tun tana ƙarama, ba ta taɓa shakkar dalili ba. Ta ce wankan birni ne. Itace na saye, ruwa na saye, a ɗan ɗumama rabin tulu a ce an yi wa mace jego. Shi ya sa da ciki na uku ya tsufa ta zo da kanta, ta ɗora Indo a jaki ta kai ta Dogo-Dogo.

Wannan karon Gwaggo ta yi shiri irin na mai ɗaukar fansa. Itace ta tara bayan ɗaki har ya fi danga tsawo. Ta sa aka gina gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, na zuba garwashi. Ta tafi kasuwar Guci da ƙafarta ta samo jar kanwa wurin wata Fanna, 'yar Mangari, ta zo da ita ƙunshe cikin tsumma kamar wata zinariya.

Yaro ya zo, kuma ya zo da ƙarfinsa. In ya kama nono sai ka ji ƙarar haɗiyarsa daga bakin ƙofa. Indo ba ta iya ɓoye murna. Gwaggo na fita za ta buɗe zanen ta kama 'yan yatsun ƙafarsa tana ƙirga masa da ɗan Faransancin da ya rage mata na lakwal, tana dariya ita kaɗai. Abu ɗaya take jira, a yi arba'in ta goya shi ta fita. Na farkon biyu goyo kaɗan suka sha. Wannan ta ce sai ta goya shi har bayanta ya gaji, har ya riƙa jan ƙafa a ƙasa.

Safe da yamma wanka. Ruwa na tafasa Gwaggo za ta tsoma ganyen tsamiya ta riƙa fyaɗa mata, Indo na cije leɓe, fata na yin jajir. A fito a hau gado mai zafi. Sai kunun kanwa, ƙwarya cike, kanwar har tana kama harshe.

"Shanye," in ji Gwaggo. "Ba ke nake ba, angona nake ba. Dubi yadda yake harara ta, wai na rage masa abinci."

Indo takan shanye ta kife ƙwarya.

Bayan suna da 'yan kwanaki, wata safiya tana zaune bakin gado da ƙwaryar a hannu, sai kawai ta ga ƙwarya a ƙasa. Ba ta ji lokacin da ta sake ta ba. Ta dubi hannunta na dama yana kwance kan cinyarta kamar na wata. Ta ce ya tashi, bai tashi ba. Ta buɗe baki ta kira Gwaggo, harshen ya yi nauyi kamar an cusa mata lomar tuwo, abin da ya fito ba magana ba ne. Barau na barci kusa da ita. Ta zuba masa ido.

Kafin kunun da ya zube ya gama shiga ƙasa, sai ta ji yatsun suna dawowa, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kai. Ta motsa su. Ta ce bismillahi a hankali, ta ji ya fita daidai.

Da Gwaggo ta shigo ta ga ɓarna, Indo ta ce kaza ce ta yi tsalle.

Kar ki ce wauta ce ta sa ta yi shiru. A Magariya ta ga abin da aka yi wa wata maƙwabciyarsu da ta faɗi tana jego. Aka ce iska ce ta taɓa ta, aka tatsi nononta aka jefa tururuwa a ciki, tururuwa ta mutu, aka ce nono ya ɓaci. Aka cire mata ɗa aka koma ba shi na akuya. Bai yi nisa ba. Indo ta ce ko me ke nan, ba za ta ba kowa dalilin raba ta da Barau ba.

Daga nan ciwon kai ya sa ta gaba, nan ƙeya, kamar an ɗaure da igiya ana ja. Ƙafafu suka kumbura, munduwar hannunta ta ƙi juyawa. Gwaggo kuwa murna ta yi.

"Alhamdu lillahi, jego ya karɓe ki. Da kika zo kamar kara, yanzu dubi wuya."

Karo na biyu a gaban Barakatu abin ya zo mata. Barakatu maƙwabciya ce, danga ɗaya ta raba su, tare suka tashi, ita ma tana goyon 'yarta Ɗela da ta girme Barau da 'yan watanni. Kullum da hantsi takan shigo su yi hira.

"Wai ke hancin nan na wane ne?" ta ce, tana leƙa yaron. "Na Wada dai ba haka yake ba, nasa kamar an taka."

"Ki bar mini mijina. Naki da ke da kunne kamar..."

Nan maganar ta tsaya. Barakatu ta ɗaga kai tana jiran ƙarashe, dariya a bakinta, sai ta ga gefen bakin Indo ya zame ƙasa, miyau na bi. Ido biyu suna kallon juna. Barakatu ta yunƙura za ta fita kira, Indo ta cafke mata zane da hannun hagu, ta riƙe gam. Haka suka zauna, kaji na tono a tsakar gida, Gwaggo na can bayan ɗaki tana faskare, har bakin ya dawo wurinsa.

"Yana wucewa," in ji Indo da ta samu harshe. "Kin gani ai. Yana zuwa ya wuce."

"Indo, wannan ba abin ɓoyo ba ne."

"In kika faɗa, za su karɓe shi. Ke za ki ba da Ɗela a shayar da ita nonon akuya?"

Barakatu ta dubi 'yarta. Ta share wa Indo haɓa da bakin zanenta, ta tafi gida, ba ta gaya wa kowa ba.

Ana tsakiyar kakar gyaɗa sai ga masu lambar rigakafi sun zo daga Magariya, za su yi wa yaran gari. Wada ya samu ya maƙale a bayan kamyonsu, babbar motar da ta kawo su, ya zo ganin ɗansa. Ya gaida Gwaggo daga nesa, a durƙushe, kai a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi, sannan aka ba shi hanya ya shiga ɗaki. Indo ta tashi zaune, fuska duk haske, ta ɗauko Barau za ta miƙa masa.

"Ka ji nauyinsa. Buhunan naku ma..."

Hannun dama ya sake. Yaro ya sulale ta gefe, kai ƙasa. Allah ya sa Wada mutum ne da ya saba cafe abin da aka jefo, ya tare shi kafin ya kai gado. Barau ya tsala kuka, Gwaggo ta faɗo ɗakin, ta ga Indo da baki a karkace tana ƙoƙarin cewa ba komai.

Da abin ya lafa Gwaggo ta taɓa mata goshi, ta taɓa tafin ƙafa. Ba ta ce iska ba, Indo ta ji sanyi a ranta. Ta ce sanyi ne ya samu ƙofa ya shiga, jikin mai jego ɗanye ne, gobe za a ƙara wuta a ƙara kanwa.

Wada ya miƙe. Ya fita ya tafi inda ake lamba, ya jira aka sallami yara, ya roƙi Mushe Haruna, wato Malam Haruna a bakin masu Faransanci, likitan da ya zo da su, wanda ya sani tun Magariya. Mushe ya zo da 'yar jakarsa, ya yi sallama, ya cire takalmi. Ya naɗa wa Indo wani ƙyalle a damtse yana matsa wata 'yar roba har ƙyallen ya kumbura ya kama hannun, ya sa abu a kunne yana saurare. Ya saki, ya sake yi. Ya danna mata ƙafa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Sau nawa ya zo miki?"

Indo ta dubi Gwaggo, ta sunkuyar da kai. "Wannan na uku."

"Inna," ya ce wa Gwaggo, "abin da muke ce wa tansiyo ne. Jini ne ya hau. Kin san salka in aka cika ta fiye da ƙima, ɗinki ne ke fara ba da wuya. Kanwa da gishiri su ke ƙara cika ta. Wannan da ke zuwa yana wucewa, ƙaramin ne. Babban in ya zo ba ya wucewa."

"Jini ya hau wa yarinya? Ni da na tsufa nawa bai hau ba?"

"Ba ya duba shekaru. A daina ba ta kanwa, a daina sa mata gishiri, ruwan wanka mai ɗumi kawai, a kashe wutar gadon nan. In da hali a ba mu ita yau mu tafi da ita Magariya."

"Kafin arba'in? Mushe, ka gaya mini gaskiya. Uwarka da ta haife ka ba ta sha kunun kanwa ba?"

"Ta sha, Inna. Matata ma ta sha, uwarta ce ta dama mata, ban iya hanawa ba. Ba kowace yake kayarwa ba. Amma wannan zai kayar da ita."

Gwaggo ta juya wajen Wada da ke durƙushe bakin ƙofa. "Kai me ka ce? Matarka ce."

Indo ta dube shi. Ta san abin da yake so ya faɗa. Amma ina suruki zai ɗaga kai ya ce wa wadda ta rene masa mata aikinki ba daidai ba ne, a cikin gidanta, ga itacen da ta sara da hannunta jibge a waje.

"Yadda kika gani, Gwaggo," ya ce.

Kamyo ya tafi da la'asar, babu Indo a ciki.

Kar ki zargi tsohuwar nan fiye da ƙima. Tafiya ce ta hana, amma sauran ta yi. Ta kwashe garwashin gado, ta surka ruwan wanka tana tsaki, ta dama kunu fari fat babu kanwa, ta ɗauke ƙunshin ta jefa cikin tukunya ta rufe. Ciwon kai ya ɗan sassauta. Indo ta fara jin munduwa na juyawa.

Sai Barau ya fara kuka. Ya kama nono ya ja ya saki ya yi kuka, a juya masa ɗayan ya ja ya saki. Ko nonon ne ya ragu, ko tsoron da ke cikinta ne ya riƙe shi, ko ciwon ciki ne irin na jarirai, Allah ne masani. Indo takan matsa ta ga ɗigo biyu, ta ga kamar da ya fi haka. Gwaggo ba ta ce ga abin da na faɗa ba. Takan ɗauki yaron ta sa a kafaɗa tana zagaya tsakar gida tana jijjiga shi, bakinta a rufe. Wannan shirun ya fi wa Indo magana ciwo.

Kukan kuwa ta san shi. Haka na biyun ya fara a Magariya, kuka, sai ramewa, sai aka naɗe shi cikin ɗan farin ƙyalle Wada ya ɗauke shi a hannu ɗaya.

Wata yamma Gwaggo ta aje mata kunu ta koma wajen murhu. Indo ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Maganar Mushe tana kunnenta, ba ta manta ko kalma ɗaya ba, ai ta yi lakwal, ta san mutumin ba ƙarya yake ba. Ta dubi Barau, leɓensa na rawa don gajiya da kuka. Ta sauko daga gado, ta buɗe tukunya, ta ɓantari kanwa, ta marmasa ta cikin kunu da yatsunta, ta juya, ta shanye a tsaye.

Da ta sauke ƙwarya Gwaggo na bakin ƙofa tana kallonta. Tsohuwar ta koma, can sai ga ta da kasko cike da garwashi, ta durƙusa ta tura ƙarƙashin gado.

Yaro ya yi shiru bayan kwana kaɗan, ya koma haɗiyarsa mai ƙara. Me ya sa, ban sani ba. Su dai sun ce kanwa ce.

Arba'in ta matso. Aka wanke majanyi sabo aka shanya. Barakatu ta shigo da hantsi za ta yi wa Indo kitson fita, ta zauna kan turmi, Indo a ƙasa tsakanin ƙafafunta, Barau a cinya yana tsotso.

"Daina motsi, mai jego. In kika shiga Magariya da kitson nan, matar kumandan sai ta aiko a tambayi wa ya yi."

"Ta aiko mana. Ki ce mata sai ta sha wanka tukuna."

Suna cikin dariya Indo ta ji abin yana zuwa, wannan karon da wani abu kamar tsawa cikin kai. Ta samu ta tura Barau da hannun hagu zuwa ƙafar Barakatu. Ta jingina, ta ce a ranta bari ya wuce. Ta zuba wa inuwar danga ido tana jira. Inuwa ta matsa, ta bar ƙafarta, rana ta same ta. Tana jin Barakatu na kiran sunanta, tana jin Gwaggo na salati, tana jin ana yayyafa mata ruwa a gefe ɗaya na fuska, ɗayan gefen ba ta jin komai. Tana ta jira.

A raƙumi aka kai ta Dungas, daga can kamyon gyaɗa ya ƙarasa da ita Magariya. Lokotoro ya duba ta, ya yi abin da zai yi. Rai dai ya tsaya. Amma hannun dama ya tafi, ƙafar sai ja, magana ta rage 'yan kalmomi, su ma sai ta yi ta nema kamar mai laluben allura cikin yashi. Ba a tafi da jariri ba, don ba wanda ya san ko za ta kai. Kafin a maido ta Dogo-Dogo nono ya ƙafe ƙaf.

Barakatu ce ta ɗauke shi tun ranar. Ɗela a dama, Barau a hagu. Da aka dawo da Indo, Barakatu ta shigo da su biyun tana son ta ba ta dariya.

"Kin ga abin da kika ja mini. Da na yi niyyar in ba shi Ɗela, yanzu kin mai da su ya da ƙane. Sai ki nemo mini wani surukin."

Rabin bakin Indo ya yi murmushi. Aka aje mata Barau a cinya, ya dube ta, ya dubi bakin, ya juya yana miƙa hannu wajen Barakatu.

Gwaggo ta tsufa cikin wata biyu. Sauran kanwar ta zuba wa awaki. Ita ke yi wa Indo wanka, ita ke ba ta abinci a baki, ita ke murza mata hannun da man shanu safe da yamma. Wani lokaci ka ji ta tana cewa da ba a kashe wutar nan ba kwanakin Mushe, da sanyi bai samu wuri ba. Wani lokaci kuma ta zauna bayan ɗaki inda itacen ya rage ta yi ta kuka tana cewa da hannunta ta dama.

Yanzu Barau na rarrafe. Indo na zaune a inuwa kullum tana bin sa da ido, shi kuwa in ya faɗi wajen Barakatu yake nufa.

To jiya da hantsi, ga abin da ya kawo ni. Barakatu ta sunkuya za ta goya shi, sai Indo ta buga ƙasa da hannun hagu. Aka juyo. Ta nuna yaron, ta nuna bayanta. Bakinta ya yi ta motsi, jijiyar wuya ta tashi, can ta fito da ita.

"Goyo."

Gwaggo ta ce za ta faɗi da shi. Barakatu ta ce ai muna nan. Suka ɗaga ta tsaye, ta dafa danga, ta sunkuya iyakar yadda za ta iya. Aka ɗora shi, Barakatu ta ja zanen ta ɗaure mata a ƙirji, Gwaggo ta ɗaura majanyi. Yaro ya ƙi. Ya yi ta ihu yana banƙarewa, yana dukan bayanta, yana neman Barakatu. Barakatu ta koma bayan rumbu ta ɓuya don kar ya gan ta, tana share ido. Indo ba ta da hannun da za ta kai baya ta bubbuga shi. Sai ta riƙa lanƙwasa gwiwar hagu tana miƙewa, tana lanƙwasawa tana miƙewa, tana wani gunji a maƙogwaro, gumi na zuba. Ya daɗe yana faɗa. Sannan kukan ya koma shessheƙa, kan ya yi nauyi, ya kwanta a kafaɗarta ta dama.

Wannan kafaɗar ba ta jin komai a cikinta. Ta ci gaba da jijjiga, ba ta san ya yi barci ba. Ta juyo da ido wajen Gwaggo tana tambaya.

"Ya yi barci, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Tun ɗazu."

Aka ce a sauke shi ta huta, ta girgiza kai. Ta tsaya nan riƙe da danga har ƙafar ta fara kaɗawa, sai da aka zaunar da ita da shi a baya.

Ke da za ki Magariya gobe, don Allah ki bi ta wurin awon gyaɗa ki nemi Wada. Ya daɗe bai zo ba, kullum sai ya aiko cewa aiki ya yi yawa. Ki gaya masa Indo ta goya ɗansa a tsaye. Ki gaya masa yadda na gaya miki, da kukan da komai, kuma in akwai mata kusa ki ɗaga murya su ma su ji.